Jirgin da Zane Ke Turawa

A gidanmu na Tarka komai a jere yake. A ci tuwo, a yi sallar isha'i, a hura wuta da karan hatsi, sannan Kaka ta zauna. Kowace tatsuniya sai ta ce "ga ta nan" mun amsa. Labari ɗaya ne ba ta buɗewa haka: tafiyarta Makka a ƙasa, ita da kakanmu da jaririyarsu Habsu. Su biyu suka dawo. Kakanmu ya rasu bai faɗi inda aka bar yarinyar ba.

Kaɗan-kaɗan take ba mu shi. Shekara uku suna tafe suna ƙodago, har bakin Bahar Maliya. Nan suka shiga jirgin katako mai gungume tsaye a tsakiya, an ɗaura masa farin zane da ya fi rumfar kasuwa faɗi. Iska ke cika zanen ta tura jirgin. Sai ta rataya gyalenta a taɓarya ta nuna mana.

Ran da ta kai inda iska ta ɗauke, jirgi ya kwana huɗu tsaye, ruwan sha ya ƙare, Habsu ta daina kuka, ran nan na buɗe baki. Ina aji uku a lakwal, makarantar boko, mushe malaminmu ya nuna mana hoton jirgi mai hayaƙi.

"Kaka, da inji jirgi ke tafiya. In tatsuniya ce ki ce ga ta nan, mu sani."

Ta dube ni. "To, maigida, tunda ka je ka gani, kai ka ƙarasa musu."

Ta naɗe gyalenta. Yayata ta make ni, muka yi ta roƙo, ta ƙi. Ta ci gaba da ba mu tatsuniyar kura da akuya har ta rasu. Wancan labarin kuwa ba ta ƙara taɓa shi ba.

Bana autata da ke kwaleji a Tanut ta kawo takardar Turancin Ingilishi. Hoton jirgi ne, gungume tsaye, zane cike da iska, kowane ɓangare da sunansa.

"Baba, riƙe mini in yi hadda. Wannan mast, wannan sail."

Na riƙe, ta jero su bi da bi, har igiya da sunanta. Na tambaye ta ko an koya musu abin da ake yi in iska ta ɗauke. Ta ce wannan ba ya cikin jarrabawa.

Har yanzu ina son a raba gaskiya da tatsuniya, ban canza ba. Amma gyara yana da lokacinsa, bayan mai magana ta gama. Ni ban jira ba. Shi ya sa a duk danginmu babu wanda ya san ko a teku aka bar Habsu, ko ta kai Jidda.