Yahuza da Tayin da Ba a Maimaita Ba

Duk wanda ya taɓa zama cin abinci kusa da Malam Yahuza ya san halinsa. Idan ka ce masa bismillah, zai ce alhamdu lillahi, yanzu ya ci. Ka sake, ya ce cikinsa babu wuri. Sai a karo na uku zai wanke hannu, daga nan kuma sai ka yi da gaske kafin ka samu loma biyar. Haka aka tarbiyyantar da shi a Lajawa: ɗan mutunci ba ya karɓar abu a tayin farko, mai bayarwa kuma ba ya tsayawa a tayi ɗaya. Da wannan ya girma, kuma sama da shekara arba'in abin bai taɓa hana shi komai ba.

Su biyu ne maza a wurin mahaifinsu. Babban, Labaran, ya gaji noman shinkafa a wata gona ta bakin kogi. Yahuza ya yi difloma a Kano, ya dawo ya samu aikin kula da ɗakin kwamfuta a jami'ar Wudil. Aikinsa buɗe ƙofa, kakkaɓe ƙura, da gyara abin da ɗalibai suka ɓata. Shirya manhaja kuwa shi ya koya wa kansa a lokutan da ɗakin ba kowa.

Wata damina ruwa ya taso ya kwashe shinkafar Labaran bayan an yanke an tara ta a gona. Da an samu labari ko da rabin yini ne kafin ruwan ya iso, da an kwashe ta. Yahuza ya je jaje ya dawo. Bayan sati biyu aka gan shi a kan babur da sanduna biyar da ya shafa wa fenti hawa-hawa. Ya kafa su a wurare biyar a saman kogi, ya roƙi masunta su riƙa duba inda ruwa ya kai safe da yamma su turo masa lamba ta waya. Sai ya shirya wata ƴar manhaja da ke haɗa lambobin, idan ta ga ruwa na hawa fiye da kima ta kira wayoyin manoma ta gargaɗe su. Muryar da ke gargaɗin tasa ce, ya ɗauke ta a ɗakin kwamfuta ranar wata Asabar. Mutane suka sa wa abin suna Sandar Ruwa.

Bai ɓoye rubutun manhajar ba. Ya ajiye shi a intanet a buɗe, da sharaɗin kowa na iya karantawa, ya gyara, ko ya kwafa ya yi nasa. Ɗalibai suka fara sa hannu, har da wasu daga garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Da suka yi yawa sai ya rubuta ƙa'ida a shafi guda: duk wanda aka karɓi gyaransa sau biyar ya shiga kwamiti, kowa ƙuri'a ɗaya, kuma abin da rinjaye ya yanke shi ke nan. Ya yi alfahari da wannan shafi fiye da manhajar kanta. Har bango ya manna shi.

Abin da ya gagara shi ne kiran waya. Manoma sun haura dubu, albashin mai kula da ɗakin kwamfuta kuwa an san iyakarsa. A nan Mubarak ya shigo. Tsohon ɗalibi ne, a hannun Yahuza ya fara taɓa kwamfuta, yanzu kuma yana aiki da wani kamfanin sayar da taki da iri. Kamfanin ya ɗauki nauyin kira, ya sa na'urori a jikin sandunan don su riƙa turo lamba da kansu, ya kuma ɗauki ɗalibai bakwai aiki a kan manhajar. Gaskiya abin ya gyaru, babu mai musu. Ɗaliban bakwai kuma ba su jima ba kowannensu ya cika gyara biyar.

Malama Khaulat ce ta fara lissafa kawuna, ta ga mutanen kamfani na neman rinjaye a kwamiti. Malama ce a sashen aikin gona, kuma tana cikin kwamitin tun farko. A taron da aka yi wata Laraba bayan la'asar ta kawo shawara a kafa kujerar mai riƙon amana, wanda babu abin da zai taɓa saƙon manoma sai da yardarsa, ko da kwamiti ya yi rinjaye. Kowa ya amince, har mutanen kamfani, don babu wanda zai iya cewa a'a a gaban jama'a. Sai ta ce ita tana ganin ba a buƙatar neman wanda zai hau, ga Malam Yahuza a zaune.

Yahuza ya sunkuyar da kai, ya gyara hula. "A'a, Malama," ya ce, "ni wa? Akwai waɗanda suka fi ni sani. A ba wani."

Yana jiran tayi na biyu. Ya riga ya shirya abin da zai ce a na uku.

Mubarak ya ce, "To, tunda Malam ya ce a'a, bai kamata mu takura masa ba. Ya sha wahala a kan abin nan, a bar shi ya huta. Sakatare, rubuta."

Sakatare ya rubuta. Khaulat ta buɗe baki, amma wani ya riga ya ambaci sunan Mubarak, wani ya mara masa baya, hannuwa sun tashi. Yahuza yana iya cewa ya fasa. Kalma ɗaya ce. Sai dai a ganinsa mutum ya ce a'a sannan ya dawo da bakinsa ya ce yana so, wannan ya fi rasa kujerar muni. Ya ɗaga hannu tare da sauran. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne Mubarak ba baƙo ba ne. Ɗan Utai ne, nan kusa da Lajawa, ya sha cin abinci da Yahuza, ya san sau nawa ake yi masa tayi.

Kafin damina ta gaba kamfani ya kawo tsarinsa. Manoman da suka yi rajista da shi za a kira su nan take, sauran kuma sai bayan awa shida. Mubarak ya yi bayani cikin ladabi, ya ce kamfani ba zai iya ɗaukar kowa kyauta har abada ba, kuma ba a hana kowa saƙo ba, jinkiri ne kawai. Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba. Yahuza ya miƙe ya ce awa shida ita ce tsakanin shinkafa a rumbu da shinkafa a kogi. An saurare shi da girmamawa. Aka kaɗa ƙuri'a, tara da biyar, mai riƙon amana ya sa hannu. Duk an bi shafin da ke manne a bango, babu layin da aka tsallake.

Yahuza bai yi faɗa ba. Sharaɗin da ya sa tun farko ya ba shi damar kwafar manhajar, ya kwafa, shi da Khaulat da mutum uku suka ci gaba da tasu. Sai dai rubutu kawai ake kwafa. Lambobin manoma, da layin kira, da na'urorin sanduna, duk suna hannun kamfani. Ya koma wurin masunta, wasu suka karɓe shi, wasu suka ce ai yanzu ƙarfe ke duba ruwa. Ya fara bin ƙauyuka ranar Asabar yana tara lambobi daga farko. Bai fara da gidansu ba, don yana jin nauyin ya gaya wa yayansa cewa abin ya fita daga hannunsa.

Labaran bai yi rajista ba. Da wakilan kamfani suka zo, dariya ya yi, ya ce shi da ƙaninsa ke da abin, wace rajista kuma.

Ruwan ya zo ranar wata Talata da hantsi, shinkafa a yanke. Maƙwabcinsa na gona, wanda ya yi rajista, an kira shi tun bayan asuba, ya kwashe tasa a amalanke. Ya ɗauka an kira kowa. Wayar Labaran ta yi ƙara da tsakar rana, yana tsaye a kan tudu yana kallon inda gonarsa take. Ya ɗauka, ya ji muryar Yahuza tana yi masa sallama, tana cewa ruwa na tafe, a kwashe amfani a hau tudu. Kamfani bai canza muryar ba, don manoma sun saba da ita.

Washegari Yahuza ya zo jaje. Ya zauna a bakin tabarma ya ba da labarin duka, tun daga shafin bango har zuwa taron ranar Laraba. Labaran ya saurara bai katse shi ba.

"Wato an ba ka," ya ce.

"An ba ni, Yaya."

"Ka ce a'a."

"Na zaci za su sake tambaya."

Aka kawo tuwo daga cikin gida, na masarar da ta rage ta bara. Labaran ya buɗe kwanon, ya tura shi tsakaninsu, ya ce bismillah sau ɗaya. Yahuza ya jawo buta ya wanke hannu.