Ba Wanda Ya Buga Ƙafa

Leszek Gorzelak ya ƙarar da idonsa a kan haruffa, a wani ɗan ɗakin bincike a birnin Poznań na ƙasar Poland. Aikinsa jera furotin, sinadarin gina jiki da ake rubuta sarƙarsa da haruffa: ya ɗauko jerin haruffan na ƙuda, na yis, na mutum, ya shimfiɗa su layi bisa layi, kwamfuta ta daidaita, shi kuma ya bi ta da gyara har ya hango yadda sarƙar za ta naɗe. Ga taurin kai, ga baƙar magana, amma ido kam Allah ya ba shi.

Duk shekara biyu masu wannan sana'a sukan yi gasa. A ba su haruffa, kowa ya faɗi siffar da yake zato, sannan a buɗe amsa a taro. Waɗanda suka yi fice kaɗai ke hawa dandamali. Suna kuma da al'ada: in mai magana ya fara cika baki, sai zaure ya ɗauki buga ƙafa a daɓen katako har ya shiga taitayinsa. Leszek ya fi kowa iya bugawa. Burinsa ɗaya a duniya, ya tsaya can sama, manya su ji zafinsa har su buga masa.

Matarsa Danuta takan ce, "Kai dai an yi wahalalle! Mazan mutane na neman tafi, kai kana neman a yi maka rashin kunya."

"Tafi ai kowane sakarai ana yi masa, Danuta. Sai wanda ake shakka ake buga wa ƙafa."

Kullum saura ƙiris yake faɗuwa a gasar. Ana haka wata sabuwar manhajar kwamfuta ta fito. Abin da yake kwashe watanni yana fama da shi, ita kafin shayi ya huce ta gama, kuma ta fi shi dacewa. Shekarar da zai yi ritaya aka gayyace shi ya yi jawabi, albarkacin furfura kawai.

Ya hau dandamali. Ya ce na'urar nan hadda ta yi, ba ta san komai ba. Ya ce idonsa ya fi ta. Shi kansa ya san ƙarya yake yi. Da gangan ya shara ta, ya ƙara gishiri, ya kasa kunne yana jiran katako. Matasa na ta danne-danne a kwamfutocinsu. Da ya gama aka tafa masa cikin ladabi.

Yana fita Danuta ta kira shi a waya.

"Yaya, tsoho, sun buga?"

"Sun tafa."

Ta ce, "Dawo gida, Leszek."