Kawu da Takardar da Ta Yi Tsalle

Shekara ashirin da takwas Kawu, ƙanin mahaifiyata, yana riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantarmu. Ba malami ba ne. Aikinsa wanke kwalabe, goge tebura, da fito wa malamai da kayan aiki. Ni kuwa mai buga takardu ce a ofis, tagata na kallon tasa.

Idan rana ta karkata, yakan cika baho da ruwa ya ajiye a bakin taga, ya jingina tsagin madubi a ciki. Sai haske ya haye silin ya rarrabu kala-kala, kamar bakan gizo ya ɓata hanya ya faɗo ɗaki. Ya taɓa ruwan da yatsa, silin ɗin gaba ɗaya ya kama lilo. Ɗalibai su yi tsit. Ya jefa murfin kwalba a ciki ya ce, "Ku duba, igiyar ruwa ta wuce, murfi yana nan yana hawa da sauka. Ruwan bai je ko'ina ba, motsin ne matafiyi. Haka maganata ke isa kunnenku, iska na miƙa wa iska."

Sai nasa kunnen ya yi nauyi. Sabon shugaban makaranta ya kira shi sau uku ta baya, bai waiwaya ba. Washegari aka miƙo mini rubutu in buga: a karɓe makullin, a mai da shi gadin ƙofa, wai kurma ba zai iya shirya gwajin sauti na jarrabawa ba. Shugaban da ko wata biyu bai cika a kujera ba. Na buga, raina na tafasa, kuma da shugaba ya ɗauki wasiƙar na bi shi har ɗakin gwajin ba tare da an gayyace ni ba.

Kawu ya karanta a tsanake. "'Yar nan, hannunki ya faɗa, ba kuskure ko ɗaya."

Na ɗaga murya. "Kawu, fitar da kai ake yi, kana yabon rubutu?"

"Lafiya lau, na gode," in ji shi.

Ya jawo wani akwatin katako mai waya ɗaya miƙe a bisansa. "Ranka ya daɗe, ara mini gefen takardar nan." Kafin shugaba ya buɗe baki, ya yagi ɗan siriri, ya ninka, ya ɗora a kan wayar kamar mahayi. Ya buga wani ƙarfe mai yatsu biyu, na gwajin sauti, a gwiwarsa, ya kafa gindinsa a kan akwatin, yana matsar da ɗan katakon da ke tokare da wayar kaɗan-kaɗan. Idonsa a lumshe, sai ka ce mai tuna wani tsohon mafarki. Takardar ta fara karkarwa, can ta yi tsalle ta faɗo.

"Muryar wayar ta zo daidai da ta ƙarfen, shi ya sa ta ɗauki rawarsa. Ni ban ji ba, amma takarda ta ji."

"Iska ce ta hure ta," in ji shugaba.

Na ce, "Wace iska, taga a rufe?"

Kawu ya miƙa masa ƙarfen. Shugaba da hannunsa ya yagi wani guntu ya gwada. Takarda ta ƙi motsi. Ya dogara da kunnensa, ya yi ta wuce wurin da muryoyin biyu ke haɗuwa. Kawu ya dafa hannunsa ya rage masa gaggawa. A karo na huɗu ta tashi, shugaba ya yi dariya kamar yaro, hasken bahon yana yawo a fuskarsa. Ya sake yaga, ya sake.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, wurin sa hannu kawai ya rage a wasiƙar. Na tsaya ina jira shugaba ya ce in sake bugawa, amsata a bakina. Bai ce ba. Kawu ya share guntayen takardun, ya zubar da ruwan bahon, ya kulle ɗakinsa, ya jefa makullin a aljihu.