Asabe, wadda take ce mini "ki zauna"

Da safiyar nan labari ya iske ni: Asabe ta rasu wajen haihuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mijinta Isa ne ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa.

Maƙwabciyata ce a nan Kado, tana sayar da busasshen kifi. Ba mu haɗa jini ba, amma tun rasuwar mai ɗakina ita take leƙo ni kullum da ɗan romo a kwano.

'Yar Gbagyi ce, a kasuwa ta koyi Hausa. "Baba, kin sha magani?" Ni kuwa tsohon malamin makaranta, sai in ce, "Ka sha, Asabe. Ni namiji ne." Ta yi dariya: "Ka sha, kin sha, ai maganin ɗaya ne. Sha kawai."

Jiya da rana na lallaba na je asibiti, don na ji naƙuda ta daɗe. Babu gado. Mata bibbiyu a katifa, wasu sun shimfiɗa zani a baranda. Nas ɗaya na gani, idonta ja wur, ana kiranta ta ko'ina: "Sista! Sista!" Ban ga laifinta ba. Hannu biyu gare ta.

Asabe tana bakin wani benci cike da mata, ta dafe ƙugu, gumi na zuba. Da ta hango ni da sanda sai ta yunƙura ta miƙe.

"Baba, ki zauna."

Na ce a'a. Ta ce, "Ai layi bai zo kaina ba tukuna."

Ƙafata ta gaza, na zauna. Ban gyara mata Hausa ba.

Isa ya ce daga baya ta samu gado, ta haifi mace, sai jini ya ɓalle. Likita yana tiyata, nas tana kan wata. Kafin a waiwayo ta, ta cika. Ya ce suna fita da ita ana kwantar da wata a gadon.

Na gaji. Na raka mutane da yawa makwanci, ban taɓa zaton ita za ta riga ni ba.

Maganin safe yana nan kan tebur. Ba wanda ya tambaya.

Allah Ya jiƙan ki, Asabe, Ya yalwata miki makwanci, inda ba a jiran gado. Ya raya marainiyarki, Ya ba Isa haƙuri.

Ku da kuka karanta, don Allah ku sa ta a addu'a. Ku haɗa da matan da na baro a kan bencin nan.