Neman Huhun Motar Baba

Unguwar Dosa, ƙarfe biyar da rabi

Da na fito daga sallar asuba ban koma ɗaki ba. Na ɗauki tsohon manifol ɗin motar Baba da na naɗe a buhun shinkafa, na rungume shi kamar jariri. Ta cikinsa iska ke bi ta shiga inji, shi ya sa Baba ke ce masa huhu. Namu na roba ne, ƙarfin iskar turbo ya tsaga shi, motar ta koma sai fito da haki. Tun da ciwon suga ya tafi da ganin Baba, kullum da yamma nakan tayar masa da ita, ya zauna ciki yana saurare. Yayana Sani ya ce in ba ta gyaru ba zuwa Asabar, 'yan gwangwan za su zo su ja ta. Ranar kuwa Alhamis ce.

Kawo, shida saura kwata

Keke ya sauke ni, na sha koko da ƙosai a tsaye ina kallon fitilun motocin Zariya suna dusashewa. Sai na gan ni ƙarami a kujerar baya, Baba na tuƙi, bishiyoyin mangwaro na wucewa a hankali kamar su ke tafiyar. Sai da kwandasta ya daki jikin bas na farga.

Mando, ƙarfe bakwai

A shinge wani soja ya taɓa buhun.

"Mene ne a ciki?"

"Huhu ne, ranka ya daɗe."

Ya buɗe yana toshe hanci, ya ga roba, ya fashe da dariya ya ce mu wuce.

Na jira awa guda kafin mai shagon da aka kwatanta min ya buɗe. Ya fito da wani manifol na alminiyam mai gajeren wuya, yana ƙyalli har ina ganin fuskata.

"Oga, in ka ɗaura wannan, ai tashi za ka yi!"

Wallahi raina ya biya. Har na fara jin iska na kaɗa min riga a titin da babu kowa. Allah ya taimake ni ramukan noti ba su dace ba. Ya ce in nemi Malam Iro a Rigasa.

Rigasa, sha ɗaya

Bas biyu da keke ɗaya, sannan na same shi ƙarƙashin rumfar kwano, dattijo mai farin gemu da baƙin hannu. Ya jera min guda uku a tabarma.

"Gajeren wuya na gudu ne, dogo na ja a natse. Wa zai hau?"

"Baba ne, amma ba hawa yake ba. Saurare yake."

Ya ɗago ya kalle ni. "To kira shi."

Na kira Baba, na kara wayar kusa da su. Malam Iro ya toshe ramukan da tsumma, ya bar ɗaya, ya riƙa hurawa da baki, ɗaya bayan ɗaya.

"Na farkon nan gaggawa gare shi," in ji Baba. "Na biyun yana yoyo. A sake hura min na uku."

Aka sake.

"Shi ne," in ji Baba.

Malam Iro ya juya na biyun, sai ga tsaga siririya kamar gashi. Na ukun kuwa dogon wuya ne na ƙarfe, baƙi ƙirin, mummuna. Dattijon ya tattara sifanoninsa ya ce ba zai bar wani ya ɗaura shi ba, ya biyo ni gida.

Gida, bayan la'asar

Ƙarfe biyar da minti goma Malam Iro ya gama ɗaurawa, na murɗa makulli. Sani na tsaye ya harɗe hannu. Baba ya laluba ya ɗora tafinsa a kan bonet, ya sunkuyar da kai. Ni dai hawaye nake, ban ɓoye ba.

"Ta daina haki," in ji Baba. "Sani, ka ce wa mutanenka su sha zamansu."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Iro. Ban kashe injin ba sai da aka kira magariba.