Takardar Kabon da na Sa a Juye

Akwai abin da ya same ni a Bagudo wanda har gobe bai bar raina ba. A shekarar da aka samu mulkin kai, makarantar koyon sana'a ta tura ni aikin gwaji na wata uku a wani kamfanin sayen fatu. Sharaɗin ɗaya ne: in babban akawun kamfanin bai sa hannu a littafina ba, ba ni da takardar shaida.

A makaranta ba wanda ya kai ni sauri a tafireta, ko kallon haruffa ba na yi. Shi kuwa akawun, dattijo ne mai buga rubutu da yatsa biyu, kamar kaza na tsince hatsi. Na raina shi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Wata rana ya tafi bikin suna a Zagga, sai ga motar fatu za ta ƙetare iyaka zuwa Dahome, yadda ake kiran Benin a lokacin. Ana bukatar takardar kaya kwafi uku: ta kwastan, ta direba, da ta ofis. Mu a makaranta takarda ɗaiɗai muke bugawa, kabon kuwa, baƙar takardar nan da ake sawa tsakanin takardu domin rubutu ya fito a na ƙasa, a bakin malami kawai muka san shi. Na jera takardun, na sa kabon, na zuba gudu, na manne su na miƙa wa direba. Ban duba na ƙasa ba.

Washegari motar ta dawo da kayanta. Direba ya ajiye takardun gaban akawu.

"Baba, duba abin da ɗan makarantarku ya ba ni. Kwastan sunka buɗe, biyu farare fes."

Ashe a juye na sa kabon ɗin. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma tabbata littafina ya tashi a banza.

Dattijon ya juya takardun, ya dube ni.

"Ɗana, mi ankai maku da kabon can makaranta?"

"An faɗa mana akwai shi, Baba."

Mako biyu ya hana ni taɓa haruffa. Aikina jera takarda da kabon, shi ya buga da yatsunsa biyu, ni in zare in duba kowane kwafi kafin ya fita ofis. Ga duk mai shigowa sai ya ce, "Ga gwaninmu nan, shina hutawa."

Ranar da wa'adina ya cika ya sa hannu, ya haɗa ni da fakitin kabon guda, ya ce in kai wa malaminmu domin ɗaliban da ke bayana.

Na yi shekaru ina aikin ofis bayan nan, injina sun canza sau da yawa. Abin da na koya shi ne, aiki bai ƙare ba sai ka duba abin da za ka miƙa a hannun wani, domin shi ne zai yi tafiyar.