Cikin Gwaggo da Aka Ce Ya Kwanta

Duk sa'ad da na ji warin jar kanwa tana narkewa cikin ruwan zafi, gwaggona nake tunawa. Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni riƙo tun daga yaye, ta tafi da ni gidan aurenta a Tamawa, cikin ƙasar Kurfi. Sau uku ta haihu, sau uku ta binne, babu wanda ya kai ga tafiya da ƙafarsa.

A wata damina, gab da Turawa su bar mulki, cikinta ya fara damunta. Ta riga ta haura arba'in a lokacin. Matar da takan suɗe kwanon tuwon dawa, sai ga ta tana loma biyu ta tsame hannu. Takan yi kwanaki ba ta zagaya ba. Daga baya na samu labarin al'adarta ma ta ɗauke. Sannan cikin ya soma tasowa.

Aka kira tsohuwar ungozomar garin. Ta lalluba, ta danna, ta rangaɗa guɗa.

"Ɗiyata, ciki ne, kwantawa ya yi! Na ga wanda ya shekara huɗu kwance, ya fito da haƙoransa yana neman fura."

Mai karatu, kada ka yi saurin ganin wautarsu. A wancan zamani kowa ya yarda ɗa na iya barci a cikin uwarsa shekara da shekaru, sai ranar da Allah ya tashe shi. Ban taɓa ganin gwaggo ta yi dariya irin ta ranar ba. Ta ɗauko mazari da auduga ta kama kaɗin zaren zanen goyo. Kullum safiya tana shan kanwa da saiwoyi don ɗan ya motsa, in murɗa ta taso sai ta dafe wurin ta ce ga shi yana juyi.

Kaka ta zo, aka cika rumbuna, ita kuwa ta kasa ɗaga taɓarya. Wani maƙwabcinmu mai fataucin hatsi ya tari mijinta a zaure.

"Malam, a kai Gwaggo asibitin Dutsin-Ma. Wuyanta ya koma kamar sillen kara. Mai ciki ba ta yin haka."

Ta jiyo shi daga bayan zana, ta ɗaga murya. "Su tsaga ni su fidda mani ɗa? Alhaji, in ka gama gaisuwa, kama hanyar kasuwarka."

Mijin ya bar maganar asibiti. Shi ma ɗan yake jira.

Sai da bazara ta yi tsanani, ko kunu ba ya zama a cikinta, sannan aka ɗora ta kan jaki muka nufi Dutsin-Ma. Malamin asibiti ya daɗe yana duba ta. Ya ce babu ɗa, ƙari ne a hanji, kuma ya ci ƙarfinta. Da an zo tun damina, da ya tura mu Katsina.

A hanyar dawowa ba ta yi kuka ba. Mun kusa shiga gari ta ce a tsai da jakin. Ta dubi mijinta, ta dube ni.

"Kada ku gaya wa mutane babu kowa a ciki."

Ba ta ga saukar ruwan fari ba.

Yanzu mota na kai mutum asibiti kafin azahar, akwai kuma na'urar da ke nuna abin da ke cikin ciki. Amma har gobe macen da ta kai shekarun gwaggo takan ɓoye ciwon cikinta, ta sha jiƙo ta tashi ta ɗora tukunya, sai ta faɗi a tuna da ita. Tsofaffin Tamawa da suka san gwaggo sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka rage, in na je gaishe su, mutum biyu suke yi wa addu'a, ita da abin da ke cikinta. Nakan shafa, in ce amin.